Ai Ya Ce Da Sauƙi

Cikin duk shekarun da na yi ina koya wa baƙi Hausa, ban taɓa mantawa da ranar da Ɗanlami mai babur ya dawo ƙofar asibiti a Gumel shi kaɗai ba. Mun aike shi ne ya kira uban wata yarinya da ke kwance rai a hannun Allah. Na tsaya ina leƙen bayansa ko zan ga farar motar uban ta ɓullo, amma babu komai a hanya sai wani amalanken shanu. Ku da kuka fara wannan aiki bana kun sha tambayata abin da ya sa nake cinye mako guda cur a kan gaisuwar mara lafiya, alhali littafi ya gama ta a shafi ɗaya. To, yau za ku ji dalili.

Ni asalina malamin firamare ne. Bayan na yi ritaya sai wata ƙungiyar mishan ta Kiristoci, mai ɗan ofis a bayan gari, ta ɗauke ni in riƙa koya wa ma'aikatanta Hausa. Aikinsu duba dabbobin makiyaya ne da gyaran rijiyoyi. Surutu kam na sha shi a majalisa, wai Malam Habu ya shiga aikin mishan. Na ce musu ni harshe nake koyarwa, su da addininsu ni da nawa, kuma ba su taɓa ɓata fuska ba don na tashi salla ana tsakiyar darasi.

Ƙa'idarsu ita ce duk wanda ya zo daga waje, shekararsa ta farko ba ya taɓa wani aiki sai koyon Hausa. Jarrabawa hawa uku ce. Hawan farko gaisuwa da cinikin kasuwa. Na biyu ba da labari da hira. Na uku shi ne mai ka da mutane, a zaunar da kai cikin dattawa, bayan an tashi a tambaye ka abin da aka faɗa da abin da aka ƙi faɗa. Mai jarrabawar ita ce shugabar shiyya, wata tsohuwar baturiya da muke kira Mama Rifkatu, wadda ta daɗe a ƙasar Hausa har goro take ci. Daga Jos take zuwa. Wanda ya faɗi hawa na uku sau biyu, sai ya haɗa kayansa ya koma gida.

Iyalin da zan ba ku labarinsu mutanen Birazil ne. Sunayensu na ainihi karya harshe gare su, don haka muka raɗa musu namu kamar yadda aka saba. Mijin likitan dabbobi ne, muka sa masa Dauda. Matarsa Saratu. Suna da ɗa babba da suka kai makarantar kwana a Jos, ba sa ganinsa sai hutu, kuma duk ranar da za a mayar da shi Saratu ba ta iya darasi. Sai ƙaramar 'yarsu da suka zo da ita a goye, muka sa mata Talatu don ranar aka haife ta.

Saratu ba ta ba ni wahala ba ko kaɗan. Ba ta jin kunyar kuskure. Takan shiga gidan maƙwabciyarsu Hajiya Uwani ta zauna a tabarma, a tsince shinkafa da ita, a yi mata dariya ita ma ta yi. Kafin a ce me, ta san habaici, ta san guɗa, har ta fi ni sanin wadda ta yi yaji a unguwa. Talatu kuwa ba koya ta yi ba, da Hausa ta buɗe baki. In kana bayan katanga ka ji tana faɗa da yara a kan 'yar tsana, ka rantse 'yar cikin gari ce. Ta mai da ni kakanta, ta ɓoye mini hula, ta ce sai na biya kuɗin alewa.

Dauda ne jidalina. Mutum ne mai kirki da naci, amma kansa irin na masu awo ne, kowace kalma yana so ta tsaya da ma'ana ɗaya kamar mudu. Bambanta harafin ƙa da na ka kuwa ya daɗe yana ba shi wuya. Ranar da na kai shi gaida hakimi, maimakon ya ce mu baƙinka ne, sai ya durƙusa ya ce, “Ranka ya daɗe, mu bakinka ne.” Hakimi ya ce madalla, dama yana neman bakin da zai yi masa magana da gwamnati a kan taki. Fada ta ɗauki dariya. A gida ma bai tsira ba, don Talatu takan tsaya a gabansa ta riƙe ƙugu ta ce, “Baba, ba kare ba, ƙare! Abinci ya ƙare!” Ya wuce hawa biyu da ƙyar da jiɓin goshi, aka bar shi ya fara fita aiki. Hawa na uku ya faɗi sau ɗaya, saura masa dama guda.

Wata rana na kai shi duba wani dattijon unguwarmu da ciwo ya ci ƙarfinsa, ko juyawa ba ya iya yi sai an juya shi. Dauda ya durƙusa ya yi yadda na koya masa.

“Baba, yaya jiki?”

Tsoho ya motsa leɓe da ƙyar ya ce, “Da sauƙi.”

Ba a rufa mako ba muka kai shi makwancinsa. Da muka zauna darasi Dauda ya zo ransa a ɓace.

“Malam, ka ce da sauƙi yana nufin ciwo ya ragu. Wannan mutum ya san yana mutuwa. Don me ya yi mini ƙarya?”

Na ce, “Ba ƙarya ya yi ba. Kai ka ɗauka labari yake ba ka, shi kuwa addu'a yake yi. Bahaushe ba ya kai ƙarar Ubangijinsa wurin mutum. Ko wuƙa na wuyansa da sauƙi zai ce.”

“To ta yaya zan san gaskiya?”

“Ka bar kalmar, ka dubi abin da ke kewaye da ita. Wa ya zo? Da wane lokaci ya zo? Ya zauna ko a tsaye yake? Ya kalli idonka? In aka yi takakkiya aka aiko mutum musamman, to zuwansa shi ne saƙon, ba abin da bakinsa ya faɗa ba.”

Ya gyaɗa kai ya ce ya gane, har ya maimaita mini da bakinsa. Ku riƙe wannan, don za mu dawo kansa.

Abin ya faru da damina, cikin watan Agusta, lokacin da sauro ke cin kasuwarsa. Talatu tana da shekara biyar a lokacin. Ciwon huhu ya ɓarke a shanun makiyaya can arewa da Sule Tankarkar, dab da iyaka, aka shirya Dauda zai je ya yi musu allurar rigakafi, ya kwana biyu a ruga. Ga waɗanda ba su san aikin ba, ruwan allurar nan a akwatin ƙanƙara ake ɗaukarsa, in ƙanƙara ta narke ya tashi aiki. Su kuma makiyaya sai an yi ta aike kafin su taro shanu wuri guda, in suka watse sai wata shekara. Talatu ta ɗan yi zazzaɓi kafin ya tafi, an ba ta magani, har ta tashi tana wasa. Ya tafi da motar ofis hankalinsa kwance.

Washegari da hantsi ina zaune ina jiran Saratu ta fito darasi, sai na ji ihunta daga cikin gida. Ban san sanda na faɗa ba, ko sallama babu. Yarinya ta sanƙare a hannunta, ido ya juye, tana ta fizga. Hajiya Uwani ta shigo da gudu ko mayafi babu. Muka tari mai adaidaita muka nufi asibiti. Wayar Dauda ba ta shiga, don inda yake babu sabis ko na rantsuwa. A ƙofar asibiti na ga Ɗanlami. Magidanci ne mai 'ya'ya, shi ke kai mana saƙo ƙauyuka, ya san rugagen nan kamar tafin hannunsa. Saratu ta ce masa da Hausarta mai kyau, “Ka je ka ce wa Dauda Talatu ba lafiya, muna asibiti, ya zo yanzu.” Ya buga babur ya tafi.

Bayan ya tafi ne aka gwada jininta. Likita ya fito ya ce zazzaɓin ya shanye mata jini, sai an yi ƙari da gaggawa, kuma jininta irin wanda ba a cika samu a nan ba ne. Saratu ta ce tun a ƙasarsu an gaya musu, nata bai dace ba, na uban ne ya dace. Muka jeru aka gwada mu, ni da maigadin ofis da 'ya'yan Hajiya Uwani da wasu samarin unguwa da suka ji labari suka zo da kansu. Babu wanda nasa ya yi. Ma'aikatan asibiti suka yi ta buga waya ana cigiya har Kano, suka kuma ce ba za ta jure hanya a haka ba. Duk fatanmu ya koma kan mutum ɗaya, kuma muka kwantar wa da juna hankali cewa ai yana tafe. In Ɗanlami ya same shi da azahar, kafin la'asar yana nan.

Ana fitowa daga sallar la'asar Ɗanlami ya dawo, kamar yadda na faɗa muku da farko, babu mota a bayansa.

Na tare shi na ce, “Ina Dauda?”

“Ya ce in ya gama garken da ke gabansa zai taso, ko bayan magariba ko da asuba.”

“Da asuba? Me ka ce masa?”

“Na ce Madam ta ce ya zo, yarinya ba ta jin daɗi, an kai ta a duba ta.”

“Shi kuma ya ce me?”

“Ya ce yaya jikin nata.”

Na ce, “Kai kuma ka ce?”

Ɗanlami ya dube ni kamar na yi masa tambayar wauta. “Na ce da sauƙi mana, Malam. To me zan ce? In ce wa uba 'yarsa na fizga, ga shi zai tuƙa mota a wannan hanya? Ai na ƙara masa da cewa amma dai gara ya taho. Ko ruwan da suka ba ni ban zauna na sha ba. Shi kansa Arɗon rugar sai da ya ce masa, likita, bar shanun nan ka tafi gida, shanu ba sa ƙarewa. Sai ya yi murmushi ya ce wa Arɗo ya gode da kara, ai an ce da sauƙi.”

Ban iya yi masa faɗa ba. Da ni aka aika wurin kowane uba a garin nan, abin da zan faɗa ke nan, kuma kowane uba a garin nan zai yar da abin da ke hannunsa ya biyo ni. Ban shiga na gaya wa Saratu ba, don ban san da wane ido zan dube ta ba. Na ce wa Hajiya Uwani ta riƙe ta, na naɗe rigata na hau bayan Ɗanlami, da tsufana.

Daga Sule Tankarkar muka sauka daga kwalta muka shiga yashi da kududdufai, gero ya rufe hanya hagu da dama. Hadari yana haɗuwa daga gabas. Rana ta yi ja sanda muka hango shanu. Dauda yana tsakiyarsu, rigarsa duk kashin shanu, makiyaya sun danne masa wani bijimi. Da ya ɗago ya gan ni, sirinjin ya faɗi daga hannunsa. Duk da haka bakinsa ya kama abin da ya saba.

“Malam, sannu da zuwa. Yaya jikin…”

Na katse shi. A gaban Arɗo, a gaban jama'a, na faɗi abin da ban taɓa faɗa wa wani uba ba tun da uwata ta haife ni. Na ce, “Babu sauƙi, Dauda. Talatu tana mutuwa. Jininka ake jira.”

Makiyayan suka sunkuyar da kai don nauyin maganar. Shi kuwa ko akwatin allurar bai waiwaya ba.

Ruwa ya tsuge muna cikin gonaki. Motar ta kafe a laka, mutanen wani ƙauye suka fito cikin ruwa suka tura mu ba tare da sun tambayi ko su wane ne mu ba. Dauda yana tuƙi yana magana da yarensu, ban sani ba ko addu'a yake ko zagin kansa. Wayarsa ta mutu tun jiya don babu inda zai sa caji. Muna hawa kwalta, an idar da magariba ke nan, sai tawa ta yi ƙara. Hajiya Uwani ce. Ba ta ce komai ba sai, “Malam, sai haƙuri. Tun ana kiran salla.” Ta kashe.

Dauda ya juyo yana haki. “Wane ne? Yaya jikin?”

Wallahi kalmar nan tana kan harshena, ita ce ta fara zuwa. A lokacin na san abin da Ɗanlami ya ji. Ga ruwa, ga duhu na shigowa, ga mutum yana gudu kamar zai tashi sama. Na haɗiye ta. Na ce, “Ka yi tuƙi a hankali, Dauda.”

Sai na ji ya ɗage ƙafarsa daga mai. Motar ta yi ta rage gudu har ta koma tafiyar amalanke, kuma a haka muka shiga Gumel. Shekara da shekaru ina fama da shi ya ji abin da ba a faɗa ba, sai a wannan maraice ya ji.

An binne ta washegari a 'yar maƙabartar Kiristoci da ke bayan gari. Unguwa ta yi musu abin da ake yi wa maƙwabci. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, mata suka cika ciki, aka yi ta kawo kunu da tuwo. Arɗo ya zo tun daga ruga da ƙwaryar nono, ya zauna har yamma. Masu gaisuwa suna ta cewa, “Allah ya sa mai ceto ce.” Na lura duk sanda aka faɗa sai Dauda ya ɗago kai, don a wurinsu Mai Ceto suna ne mai girma da ba a ba kowa. Da mutane suka ragu ya tambaye ni. Na ce a wurinmu yaron da ya rasu yana ƙarami ba ya shiga Aljanna shi kaɗai, yakan tsaya a ƙofa ya ce sai da iyayensa. Ya rufe fuskarsa da hannu biyu, ya ce, “Ni da ban zo ba, ni za ta jira?”

Daga baya kowa ya zama mai wayo. Me ya sa ba a sa Saratu ta rubuta masa da yarensu ba? Me ya sa ba a sake tura wani ba da aka san maganar jini? In an wuce wuri kowa ya san hanya. Likitan da ya duba ta ya ce shi ba zai rantse cewa jinin zai tashe ta ba, amma da an samu da la'asar, da an gwada. Wannan “da” ɗin ita ta zauna a gidan nan ta hana kowa barci.

Mama Rifkatu ta zo daga Jos tare da babban ɗan su Dauda. Bayan an share makoki ta kira ni ofis, mu biyu.

“Malam Habu, ina so in sani don waɗanda za su zo nan gaba. Ba a koya masa ba ne?”

Kafin in buɗe baki sai ga Dauda a bakin ƙofa, ashe yana jinmu. Ya rame, gemu ya cika masa fuska.

Ya ce, “An koya mini, Mama. Malam ya kai ni wurin tsoho, ya gaya mini komai. Na ga Ɗanlami bai zauna ba. Na ga bai kalle ni ba. Na ji abin da Arɗo ya ce. Duk na gani.”

Ta ce, “To me ya tsayar da kai?”

“Ɗanlami ya ba ni kalma mai daɗi, ni kuma ina son ta. Ga shanu an tara, ga ƙanƙara tana narkewa. Na ce a raina, yau dai bari ta zama yadda take a littafi.”

Mama Rifkatu ta cire tabarau ta daɗe tana goge shi. Ta ce in ƙara shafi a littafin koyarwa a kan wannan gaisuwa. Na ce to, na kuma ƙara, shi ne wanda kuke amfani da shi yanzu. Amma ina rubutawa ina jin banza nake yi, domin wanda aka yi shafin dominsa ya riga ya san duk abin da ke ciki.

Ɗanlami ya daina bin layinmu. Dauda ya je har gidansa ya ce masa ba laifinsa ba ne, Ɗanlami ya yi ta kuka kamar yaro, amma bai ƙara karɓar aikenmu ba. Daga baya ya koma Maigatari yana ɗaukar kaya a bakin iyaka. Na gamu da shi ranar wata kasuwa, muka gaisa sama-sama, kowa ya kama gabansa.

Saratu ce ta fi karya mini zuciya. Matar nan da ta fi kowa Hausa a cikinsu, tun ranar ba ta ƙara furta kalma ɗaya da ita ba. Ba gaba take da kowa ba. Hajiya Uwani takan shiga ta zauna da ita, ta riƙe mata hannu, ta yi ta magana, ita kuwa sai ido. In yaran unguwa suna wasa a waje sai ta rufe taga, don da muryar 'yarta suke magana. Abinci sai an matsa mata. Na ci gaba da zuwa da hantsi kamar kullum, in zauna a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, babu mai fitowa darasi. Wata rana maigadi yana shara ya zaro wata tsohuwar hulata daga bayan randa, inda Talatu ta ɓoye ta na yi ta nema. Na karɓa na sa a aljihu na tafi gida, ranar ban iya zama ba.

Kafin a gama girbi ƙungiya ta yanke shawarar a mayar da su gida don a nema wa Saratu magani. Ba a ƙara zancen jarrabawa ba. Ranar tafiya na je da sassafe. An ɗaure kaya a mota, yaron yana gaba, Saratu tana baya ta jingina kai da gilashi, ta zama kamar ba ita ba. Na gaishe ta, ta dube ni, leɓenta ya motsa amma babu abin da ya fito. Dauda ya zo ya kama hannuna da hannu biyu. Ni kuma baki ya saba, ban san sanda na tambaya ba.

“Yaya jikin Saratu?”

Ya sunkuyar da kai, ya dubi ƙasa, ya ce a hankali, “Da sauƙi, Malam.”

Harafin ƙa na cikin sauƙi ya fita tsaf. Muryar, da sunkuyar da kan, da ɗan shirun da ya yi kafin ya faɗa, babu Bagumalen da zai fi shi. Na ce, “Allah ya ƙara sauƙi.” Ya ce amin. Suka tafi, ban ƙara ganinsu ba. Labarin da ya zo mini na ƙarshe shi ne ya bar aikin mishan, ita kuma har lokacin tana shiga asibiti tana fita.

To, ku sababbin malamai, abin da na koya ke nan, kuma ba mai daɗi ba ne. Za ku iya gyara wa baƙo harshe har ya bambanta baki da baƙi. Za ku iya kai shi gaban marasa lafiya da gidajen makoki ya ga yadda muke lulluɓe mugun labari don tausayin mai ji. Ku yi duk wannan, kada ku gaji, shi ya sa nake ba shi mako guda. Amma kada ku ɗauka kun tsare shi daga wani abu. Mutanen nan suna baro uwa da uba su zo da 'ya'yansu ƙasar da ko ciwo ba a faɗa musu da sunansa, mu kuma muna tausaya musu da irin tausayin da muka iya, wani lokaci shi ne yake cutar da su. Ban ga mugu ko ɗaya a cikin wannan labari ba, kuma ga kabarin yarinya can a bayan gari.

Bayan sun tafi Mama Rifkatu ta tambaye ni matakin da za ta ce Dauda ya kai, don ƙa'ida ce a faɗa ko da mutum ya bar aiki. Na ce ta sa ya ci hawa na uku. Ta ce ai ba a yi masa jarrabawar ba. Na ce an yi, ina wurin. A duk ɗaliban da na koyar babu wanda ya iya kalmar nan kamarsa, kuma da za a ba ni zaɓi, da na so ya koma ƙasarsu yana ce wa ƙare kare, da 'yarsa a gefe tana yi masa dariya.